Maiwada da Gwangwanin da Ke Tafiya

A Likoro babu wanda ya taɓa jin Maiwada ya ce bai sani ba. Shekara biyu ya yi a Kaduna yana gadin shagon wani mai sayar da rediyo, daga nan ya dawo gida da sunan Injiniya, sunan da shi ya raɗa wa kansa. In tocila ta lalace aka kawo masa, sai ya kwance ta, ya mayar, sukurori biyu su rage a tafin hannunsa, ya ce dama na ado ne. Injin ban-ruwan ƙungiyar manoman garin ma tari kawai yake yi kafin a kai masa. Da ya gama gyara, tarin ya tsaya, injin ma ya tsaya.

Bayan an cire masara, wata malamar gona mai suna Mukarrama ta zo tana koya wa manoma auna gona da na'urar GPS. Da ta ga ana gyangyaɗi a aji, sai ta shirya gasa. Ta ce wasa ne da ake yi a ƙasashe da dama: a ɓoye gwangwani da ɗan littafi a ciki, a sa lambobin wurin a na'ura, ita kuma ta nuna maka kibiya ka bi har ka same shi, ka rubuta sunanka. Ƙungiya huɗu za su kara, Likoro da Taba da Nasarawan Doya da wata daga Ikara, kuma a Likoro za a yi. Wadda ta fara sa suna a littafin ta ci sabon injin ban-ruwa.

Tun kafin a tambaya Maiwada ya miƙe ya ce shi zai jagoranci Likoro.

"Jifiyas ai wasan yara ce a wurina," in ji shi. "Ku fara gyaran kwamin albasa, injin nan ya riga ya zo."

Ranar gasa ya fito da babbar rigarsa ta sallah. Matarsa Hajo tana tankaɗe, ta ɗago ta dube shi.

"Malam, ba tono aka ce za a yi ba?"

"Wasu za su tona. Ni nunawa zan yi."

"To Allah Ya sa ka dawo da rigar."

A filin makarantar firamare, ƙarƙashin mangwaro, Malama Mukarrama ta jera na'urori a kan tebur, ta ce kowace ƙungiya ta zaɓi wadda ta fi mata sauƙi, duk an riga an sa musu lambobin. Lantana, shugabar matan Nasarawan Doya masu shanya tumatir, ita ta fara matsowa.

"Malama, wacce ce rubutunta ya fi girma? Idona ba kamar da ba."

"Wannan rawayar, Hajiya. Maɓallinta uku kacal."

"In ta faɗi fa?"

"Ba ta fashewa. Batirinta kuma irin na rediyo ne, ko'ina akwai."

Lantana ta ɗauka ta rataya a wuya. Maiwada ya yi dariya har hularsa ta karkace. Maɓalli uku, kamar rigar jinjiri. Ya juya sauran ɗaya bayan ɗaya yana taɓe baki, can sai ya hangi wani kwali a ƙarƙashin teburin, da hoton saniya a jiki. A ciki akwai wata baƙar na'ura mai nauyi, eriyarta ta kai tsawon kara, maɓallanta sun fi ashirin.

"Malama, wannan fa?"

"Wannan ba ta gasa ba ce, Malam Maiwada, ta makiyaya ce. Ajiye ta."

Daidai nan aka kira ta ta gaida dagaci. Maiwada ya tsaya yana nazari. Ta makiyaya, wai. Shi da ya zauna a Kaduna za a yi wa wannan? Mai kyaun ce ta ɓoye wa mutanen Ikara. Ya zura ta cikin babbar riga, ya bar rawayar da ta rage wa Likoro a kan tebur, ya yafito abokan tafiyarsa. Su biyu ne: Baba Yahya, dattijon ƙungiya, wanda ba ya magana sai ta zama dole, da Safiyanu ɗan acaɓa, tsaran Maiwada, wanda bakinsa ba ya hutawa.

Da aka busa usur suka zagaya bayan aji. Maiwada ya zare eriya, ya danna maɓallan nan kaf, daga sama zuwa ƙasa, ya sake daga ƙasa zuwa sama. Na'ura ta yi ƙara, wani ɗan hoto ya fito da kibiya a gefensa, da lamba ɗari tara.

Safiyanu ya leƙa. "Injiniya, wannan kamar kan sa ne. Ga ƙaho nan."

"Tulu ne mai hannu biyu. Haka Turawa ke zana dukiya. Tayar da babur."

Suka hau su uku, Baba Yahya a tsakiya rungume da shebur. Sun hangi matan Nasarawan Doya sun nufi cikin gari da ƙafa, su kuma kibiyarsu gabas ta nuna, cikin daji. Maiwada ya ɗaga musu hannu da tausayi.

Lamba ta yi ta raguwa har ta kai arba'in a gefen wata gonar dankali. Suna sauka sai ta fara ƙaruwa da kanta, hamsin, sittin, alhali suna tsaye.

"Ya motsa," in ji Safiyanu.

"Mu muka motsa. Duniya juyawa take yi, tauraron kuma yana sama a tsaye. Ba ka yi boko ba ne. Inda lambar ta fi ƙanƙanta nan za a tona."

Suka duƙufa. Sun tone kunya guda, dankali ya yi tuli, sai suka ji tari a bayansu. Wata tsohuwa ce zaune a kan kututture, ta ɗora haɓa a kan sanda. Ashe tun ɗazu tana nan.

"Sannunku da aiki, 'yan samari."

"Yauwa Inna, ina kwana, ina gajiya," in ji Baba Yahya, yana ɓoye shebur a bayansa.

"Lafiya lau. Ummuhani sunana, gonar nan tawa ce. Me kuke nema?"

"Aikin hukuma ne, Inna," in ji Maiwada. "Gwangwani muke nema."

"Gwangwani? Ai kamar na taɓa ganinsa a kunyar can ta gaba."

Suka tone ta gaba. Ta ce ko ta kusa da ita ce. Sai da suka tone kunya shida sannan ta miƙe ta ce Allah Ya yi musu albarka, sati biyu tana neman masu tonon dankalin nan bayanta ya hana. Ta roƙi su tara mata shi a inuwa kafin su wuce.

A kan babur Safiyanu ya ce, "Wannan ma yana cikin jifiyas ɗin?"

"Ɗumama jiki ne. Bi kibiya."

Wayar Maiwada ta yi ƙara. Malama Mukarrama ce. Ya kashe. Ta sake kira, ya sake kashewa.

"Ta gane mun ɗauki mai kyaun," ya ce. "Ku bar ta."

Kibiya ta kai su wani tafki. A ƙetare garken shanu na shan ruwa, makiyayinsu dogo mai malafa yana tsaye da sanda a kafaɗa. Lamba ta tsaya cak a talatin, kibiya ta nuna tsallaken ruwa.

"A ƙarƙashin ruwa suka binne shi," in ji Maiwada. "Malamar nan akwai wayo."

"Mace mai jakar hannu ta yi nutso ta binne gwangwani?" in ji Baba Yahya.

"Baba, ka bar wa masu ilmin abin."

Ya naɗe babbar riga a wuya ya shiga, na'ura a sama. Taku uku takalmin dama ya tafi. Taku biyar na hagu ya bi shi. Ruwa na kai wa ƙugu taɓo ya riƙe shi, ya yunƙura da ƙarfi, mazagi ya tsinke. Ya ji wando yana sulalewa a hankali, hannu ɗaya na riƙe da na'ura, ɗaya na riƙe da riga, ba na ukun da zai kai agaji. Wayarsa na aljihun wandon.

"Safiyanu, shanun can ne ke tare sigina. Zagaya ka kore su."

Safiyanu ya zagaya yana kaɗa hula yana kuwwa. Shanu suka zabura suka haura tudu. Makiyayin ya dubi Safiyanu, ya dubi mutumin da ke tsakiyar ruwa da eriya, ya dubi tsoho mai shebur, ya bi dabbobinsa da sauri yana waiwaye.

Lamba ta tashi daga talatin zuwa ɗari biyu.

Sai da aka miƙa masa ƙotar shebur sannan aka jawo Maiwada. Ya saki babbar riga ta rufe abin da ya kamata ta rufe, ya tsaya ƙafa ba takalmi, taɓo har gwiwa.

"Maiwada," in ji Baba Yahya, "gwangwanin nan ƙafa gare shi?"

"Igiyar ruwa ce ta ja shi."

"Ta hau tudu da shi?"

Maiwada ya ƙura wa na'urar ido, don ta fara wani sabon abu. Bayan ɗan lokaci lamba ta shiga gudu, ɗari biyar, dubu, dubu biyu, kibiya ta miƙe ta hanyar Makarfi. Ya buga cinya.

"Yanzu na gane. Mutanen Ikara ne. Sun riga mu tonowa, sun sa a mota za su gudu da shi don kada kowa ya sa suna. Baba, injinmu ne ke tafiya a kan titi."

Wannan maganar ta shiga Baba Yahya, don shi ya san wahalar ɗiban ruwa da bokiti a fadama. Ya ɗauki shebur ya hau babur.

A bakin titi suka tsaya tambaya ko mota ta wuce. Masu shayi suka ce akori-kura ɗaya ce, ta ɗauki wani Bafulatani da sa. Maiwada ya ce ba wannan ba, ta 'yan Ikara yake nufi, masu ɗauke da dukiya. Kalmar dukiya kawai aka ji. Kafin su bar wurin mai shayi ya gaya wa mai faci, mai faci ya gaya wa masu lodin rake cewa an tono tulun zinari a Likoro ana gudu da shi. Babura biyar suka bi bayansu, sannan goma, wasu da fartanya, wani da buhu.

Sun yi nisa tayar baya ta fashe. Suka gangara cikin gonar rake su uku da shebur. Da suka fito, ƙaiƙayin ganyen ya kama Maiwada a daidai inda wando ya kamata ya kare, ya shiga tafiya kamar mai taka garwashi. Wata babbar mota shaƙe da rake ta tsaya ta kwashe su, aka ɗaure babur a baya. Maiwada ya haye can ƙololuwa, ya matse riga tsakanin cinyoyi, ya ɗaga eriya yana yi wa direba ihu.

"Miƙe. Kada ka karkata. Miƙe dai."

Direba ya leƙo. "Malam, hanyar ɗaya ce."

"Ka gani? Na'ura ba ta ƙarya."

Safiyanu kuwa, tasa wayar ce ta yi ƙara. Ya juya baya ya yi magana ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana saurare, kafaɗunsa na rawa. Da ya gama Maiwada ya tambaye shi wane ne.

"Fasinja ne. Ya ce in ci gaba da abin da nake yi, yana nan tafe."

Ranar kasuwar Makarfi ce, gari ya cika. Maiwada ya sauka ya shiga gaba, abokansa a baya, masu babura da fartanyoyi a bayansu, 'yan kasuwa suna barin kayansu suna shiga layi ba tare da sun san inda za a ba. Suka ratsa 'yan mazarƙwaila, suka ratsa 'yan barkono ana atishawa, kibiya ta kai su kara, inda ake cinikin shanu. Lamba ta sauko goma, biyar, biyu. Na'ura ta ɓarke da ƙara ba tsayawa a gaban wani farin bijimi mai tozo, ɗaure a turke yana tuƙa.

Maiwada ya zagaya shi sau uku. Ta ko'ina kibiya bijimin take nunawa. Ya duba ƙarƙashinsa, ba komai. Ya juyo ga jama'a, ya gyara murya.

"Jama'a, kun ga aikin ilmi. Sun ba sa gwangwanin ya haɗiye."

Jama'a suka matso kusa.

"A yanka," wani ya ce daga baya.

"Ba sai an yanka ba. Abin da ya shiga zai fito. A ba ni faranti."

Wata mai tallan gyaɗa ta juye gyaɗarta a zani ta miƙa masa tire. Maiwada ya durƙusa a bayan bijimi, ya tara tire da hannu biyu, na'ura a hammata tana ta kuka. Mutane suka yi da'ira, wasu suka hau katanga. Dillalai suka daina ciniki.

"Ka matsa kaɗan, Injiniya," in ji Safiyanu. "Kada ya faɗi ƙasa littafin ya ɓaci."

Ya matsa. Bijimi ya ɗaga wutsiya. Abin da ya fito bai tsaya a tire ba, ya bi hannun riga har kafaɗa. Maiwada ya kau da fuska, ya sa yatsa yana lalube a ciki.

"Wannan na farko ne," ya ce. "Gwangwani nauyi gare shi, sai a na biyu."

Sai ga dogon makiyayin nan mai malafa ya keto taro, sarkin kara da 'yan sintiri biyu a bayansa. Bobbo sunan makiyayin.

"Su ne, ranka ya daɗe. Tun hantsi suke bina. Na bar wurin kiwo suka biyo ni tafki, suka kora min shanu. Na sa sa a mota na gudo, ga su nan kuma. In ba ɓarayi ba ne, me suke nema a gindin sana?"

"Kai ne ɗan Ikara?" in ji Maiwada daga durƙushe.

"Ni ban taɓa kwana a Ikara ba."

Sarkin kara ya dubi Maiwada daga hula zuwa ƙafa. "Bawan Allah, ina wandonka?"

"Yana wurin aiki, ranka ya daɗe."

'Yan sintiri sun riga sun kama shi ta hammata lokacin da Malama Mukarrama ta iso tana haki. Lantana na biye da ita, Hajo kuma a bayansu da ƙullin leda a hannu, don Safiyanu ya faɗa wa malamar a waya abin da ya kamata a taho da shi. Malamar ta gaida sarkin kara, ta roƙi a sake shi, sannan ta ɗaga fatar wuyan bijimin. Wani baƙin maɗauri ne a wurin, da ɗan akwati kamar na ashana.

"Wannan muka ɗaura wa san Malam Bobbo don gwaji, saboda masu satar shanu. Na'urar da ke hammatarka, Malam Maiwada, ita ke nuna inda san yake. Yau zan kai masa ita. Na gaya maka ta makiyaya ce."

Dariya ta fara daga kan katanga ta gangaro. Mai buhu ya jefar da buhunsa ya zauna a kai.

"Gwangwanin fa?" in ji Baba Yahya a hankali.

Lantana ta ce, "Ai Baba ko minti ashirin ba mu yi ba. Na danna maɓalli ɗaya, kibiya ta fito, muka bi ta. Yana cikin kogon ɗorawar da ke bayan wani gida mai dangar kara."

"Gidanmu ne," in ji Hajo. "Ni na ara musu kujerar da suka taka. Har fura na dama musu."

Baba Yahya ya jingina da shebur, ya rufe ido. Bana ma da bokiti za a yi albasa.

Maiwada ya ajiye tire, ya miƙa wa malamar na'urar, ya karɓi ledar, ya sa wando a tsaye a gaban kowa, ya share hannu a wutsiyar bijimi. Ya dubi taro ba ko ƙifta ido.

"Ku dai ku shaida. Abin da ke zaune wuri ɗaya cikin kogo, kowa ma zai iya samu. Ƙaramar hukuma uku aka tara yau, ni kaɗai na kamo mai tafiya."

Bobbo, da yake sayar da san zai yi, ya ciro ɗan makulli daga aljihu ya kwance maɗaurin ya miƙa wa malamar. Hajo ta matso tana kallonsa.

"Malama, batirinsa yana daɗewa?"

"Yakan yi wata uku."

"Ko ina aka shiga yana nunawa?"

"Ko ina."

"Yaya ake ɗaura shi?"

Malamar ta buɗe baki za ta yi bayani, Maiwada ya fizge maɗaurin.

"Ita ma ba daidai ta ɗaura ba, shi ya sa siginar ke rawa. Ku duba nan. Akwatin ta gaba yake zama, daidai maƙogwaro." Ya zagaya shi a wuyansa. "Sai a ja har ramin ƙarshe, sannan a danna nan."

Abin ya ce ƙyas.

Ya ja, bai buɗe ba. Ya sa yatsu biyu ya murɗa, bai buɗe ba. Na'urar da ke hannun malamar ta juyo da kibiyarta ta nuna shi, ta fara kuka.

"Bobbo, kawo makullin."

Bobbo ya miƙo. Hannun Hajo ya riga nasa isa. Ta karɓa, ta ƙulle shi tam a bakin zaninta, sannan ta karɓi na'urar daga hannun malamar ta duba ɗan hoton mai ƙaho.

"Hajiya Hajo, kayan ofis ne," in ji Malama Mukarrama, tana danne dariya. "Ranar Litinin zan mayar."

"To ki zo ranar Litinin ɗin, Malama. In ba ki same shi a gida ba, ni zan gaya miki inda yake."